Inno da Yayen Ummi

A Kurfi in mutum ya ce yana neman Aishatu, sai a tambaye shi wace, don Aishatu sun yi yawa. Amma ya ce Inno mai yaye, kowane ɗan acaɓa a bakin kasuwa zai kai shi har ƙofar gida. Har gobe ma za a kai shi, sai dai ɗan acaɓan zai waiwayo tukuna, ya duba ko da yaro a hannunsa.

Inno 'yar Barkiya ce, daga gidan masu shanu, irin gidajen da fillanci ya riga ya gudu ya bar musu sunaye da son kindirmo. Can ta yi aure, can ta yi haihuwarta, can aka binne mijinta Malam Manu. Da ɓarayin daji suka kore shanun gidan, 'ya'yanta suka ɗauko ta suka kama mata gida a cikin garin Kurfi, ɗaki da rumfa da ɗan tsakar gida, ga wata tsamiya da ta leƙo ta kan katanga. Abin da ta zo da shi bai wuce ƙorai da turmi ba, sai kuma hannun yaye.

Hannun yaye kuwa ba kowa Allah ya ba ba. In lokacin raba yaro da nono ya yi, uwa takan kawo shi ranar Juma'a da safe, ta ajiye ƙullin kayansa, ta sulale ta bayan rumfa tana share hawaye. Inno sai ta ɗaure shi a baya da majanyi, ba ta kuma sauke shi. Da shi take daka, da shi take shara, da shi take zuwa barka. In ya nemi nono ta ba shi nata da ya bushe tun zamanin da, ya tsotsa ya ji ba komai, ya yi fushi, ta miƙa masa fura mai ruwa-ruwa da ta zuba wa rubutu. Ba ta yarda a shafa wa uwa maɗaci ba. Takan ce yaro baƙo ne, ba a korar baƙo da ɗaci. Bayan 'yan makonni sai ta mayar da shi da kumatu, da 'yar budurwar kaza ɗaure a ƙafa, wai jarinsa ke nan.

Ba sana'a ba ce, ba ta taɓa yanka wa kowa farashi ba. Jikoki ta fara yi wa, sai na maƙwabta, sai aka riƙa kawo mata daga Shema, daga Barkiya, har daga Dutsin-Ma. Samari masu gemu sukan durƙusa mata a hanya su ce, "Inno, ke kika yaye ni." Ita kuma ta ce, "Na gane ka mana, kai ne mai cizo." Wannan shi ne arzikinta gaba ɗaya. Ba shanu, ba gona, sai sunan nan.

Autanta, Mamuda, a Dutsin-Ma yake zaune, yana noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe, tumatur da albasa. Matarsa Halimatu Sa'adiya ta gama sakandare, tana ɗinki a gida, yarinya mai kunya da tsabta. Da suka sami 'yar fari, Mamuda ya sa mata sunan uwarsa, shi ya sa ake kiranta Ummi. Inno kuwa takwara take ce mata.

Ranar da aka kawo Ummi yaye, da bakinta ta zo. Tana cewa baba, tana cewa mama, tana cewa ba ni. Tana riƙe moɗa da hannu biyu, tana bin bango tana takawa. Inno ta ɗaga ta sama ta ce, "Takwara, yau za ki san an ci amanarki." Kowa ya yi dariya, Sa'adiya ta sulale kamar yadda ake yi.

Kuka ne ya fara. Yaron yaye dama sai ya yi kuka, amma wannan wani iri ne, ƙara ce mai tsini da ba ta neman komai. Inno ta yi jijjiga, ta yi waƙa, ta yi tofi. Sai moɗa ta fara suɓucewa daga hannun yarinyar. A miƙa mata ƙosai, ta kalle shi, hannun ya ƙi zuwa. Kalmomin nan nata suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kwashe su. Daga baya hannuwan suka haɗu a ƙirji suna murza juna, suna murza juna, kamar mai wanke hannu ba ruwa.

Inno ba ta ɓoye ba. Ta sa aka kira mata Mamuda a waya ta ce, "Auta, yarinyar nan ba ta yi mini ba." Shi kuwa yana tsakiyar ban ruwa, ya ce, "Haba Inno, rigimar yaye ce, ke kika fi mu sani." Ta kai ta wajen mai kemis, ya ba da na zazzaɓi. Ta karɓo sabon rubutu. Ta yi hayaƙi. Da ta ga abin ya ƙi, ta goya ta, ta kama kazar a hannu, ta hau mota zuwa Dutsin-Ma.

Sa'adiya ta taso daga kan keken ɗinki da gudu ta karɓi 'yarta.

"Ummi! Ummina, ce mama."

Yarinya ta dube ta da manyan idanu, hannuwa suna ta aikinsu.

"Ce mama mana. Ummi, ni ce." Ta ɓamɓare hannuwan, suka koma. Ta sake ɓamɓarewa, suka koma. Sai ta ɗago ta dubi surukarta, abin da ba ta taɓa yi ido cikin ido ba. "Inno, mi aka ba ta? Da bakinta na kawo miki ɗiyata."

Maganar da ta fito ke nan, ba ta ƙara ba, har yau kuma ba ta ƙara ba. Amma gari ya ƙarasa mata.

Wasu suka ce tsamiyar nan ce, an shanya yarinya a ƙarƙashinta da tsakar rana, masu wurin suka shafe ta. Wasu suka ce nonon tsohuwa ne, ya daɗe da lalacewa. Wasu suka ce an haɗa rubutu da wata saiwa an zarce. Akwai kuma waɗanda suka rage murya suka faɗi kalmar da in aka liƙa wa tsohuwa ba ta fita, wai dama ana mamakin yadda yara ke lafewa a bayanta haka. Matan da suka yi shekaru suna sauke mata 'ya'yansu suna tafiya su yi barci har da minshari, su ne a gaba wajen faɗa. Ba wadda ta tsaya ta ce, to sauran da ta yaye fa, ga su nan suna tuƙa mota suna koyarwa a makaranta? Ba a yi wannan lissafin ba. Yarinya guda ta shafe su duka.

Fatu, maƙwabciyarta ta jikin katanga, wadda Inno ta yaye mata 'ya'ya har da jika, ita ta fi ba ta ciwo. Wata rana jikan Fatu ya rarrafo ya kama zanin Inno, sai ga Fatu ta fito ba ko ɗankwali ta fizge shi.

"Ke Fatu, cinye shi zan yi?"

"A'a Inno, ni na ce? Majina ce da shi, kada ya ɓata miki zane."

"Yo majinar ubansa wa ya share?"

Fatu ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta shige.

Juma'a ta riƙa zuwa tana wucewa, ba sallamar kowa da safe. Inno ta sa aka sare reshen tsamiyar da ya leƙo. Kajin da take ajiyewa don 'yan yaye suka yi yawa, ta riƙa sayarwa. Abin da ya fi cin ta shi ne ita kanta ba ta da tabbas. Tana tankaɗe sai ta tsaya da rariya a hannu, tana bin kwanakin nan ɗaya-ɗaya. Ko nonon da ta sayo ran kasuwa ne? Ko ranar da ta kwantar da ita a inuwa ta shiga wanka? Ta yi rantsuwa ga mutane har bakinta ya gaji, amma ta kasa yi wa kanta.

Shekaru suka tafi a haka. Sa'adiya ta sake haihuwa, namiji, aka sa masa Zubair. Ranar suna aka miƙa wa Inno shi don kunya, kafin ta gama addu'a wata daga dangin uwar ta ce a kawo shi ya sha nono. In ta zo Dutsin-Ma da fura, ana karɓa da hannu biyu, a yi godiya, a kai bayan ɗaki. Ta san awaki ke sha.

Ummi kuwa ta yi tsawo, ba ta ƙara magana ba. Ba ta iya kai loma baki, sai an zauna an ba ta a hankali, abincin safe ya kai hantsi. Takan riƙe numfashi har a tsorata, sannan ta sake shi da ƙarfi. Idanunta ne kawai suka rage mata, da su take nuna ruwa, da su take nuna wanda take so. Abin da ke ƙona ran Sa'adiya, in rigimar yarinyar ta tashi ba inda take lafawa sai bayan Inno. Har wannan ma mutane suka ce ai ga shi nan.

Da Ummi ta fara faɗuwa tana sandarewa, asibitin garin suka tura su Katsina wajen likitar yara. Sa'adiya na goye da Zubair, Mamuda na riƙe da kaya, dole a sami mai ɗaukar Ummi. Haka aka kira Inno, ba don an so ba.

Likitar, Dakta Yasmin, ba ta yi gaggawa ba. Ta auna kan yarinyar, ta daɗe tana kallon hannuwan, ta sa aka tsayar da ita, ta saurari numfashinta. Sannan ta tambaya yaushe ta daina magana.

"Da aka kai ta yaye," in ji Sa'adiya, idonta a ƙasa.

Inno ta gyara zaman Ummi a cinyarta.

Likitar ta dubi tsohuwar, ta dubi matashiyar, ta ajiye abin rubutunta. "Duk wanda ya kawo mini yarinya mai irin wannan, da abin da yake ɗora wa laifi. Wannan ya ce faɗuwa ta yi, wannan ya ce zazzaɓi, wannan ya ce yaye. Malam, wace sana'a kake yi?"

"Noman rani, a Zobe."

"To za ka fi kowa ganewa. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin ginin jiki gaba ɗaya, wanda aka samo daga uwa da uba. Amma ba duka take aiki da shi ba. Ƙwayar fata ta buɗe nata ta rufe saura, ƙwayar ƙwaƙwalwa ma haka, kuma kowane umarni da lokacin buɗe shi da lokacin rufe shi. Kamar ruwan da ke bin babbar magudana ne, yana wuce kowace gona, amma sai an sami mai buɗewa da toshewa. In babu shi fa?"

"Wani fangali ya cika ya ruɓe, wani ya bushe," in ji Mamuda.

"Yauwa. To a cikin umarnin nan akwai wanda aikinsa ke nan a ƙwaƙwalwa, shi ke daidaita saura, wannan a ƙara, wannan a rage. Na Ummi ya samu tangarɗa. Lokacin da kake renon iri, kana buƙatar mai buɗe ruwa sosai?"

"A'a, da hannu ake yayyafawa. Sai an yi dashe."

"Haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwar jariri. Da farko suna tafiya ko ba shi, shi ya sa ta fara magana, ta fara riƙe abu. Sai sun fara girma, suna miƙa rassa suna kama juna, sannan suke neman mai daidaitawar. Wannan lokacin kuwa yakan faɗo daga kafin shekara ɗaya zuwa wajen shekara biyu. Lokacin da muke yaye ke nan. Ƙwayoyin ba mutuwa suka yi ba, suna nan, rassan ne ba su yi yawa ba. Shi ya sa kuke ganin tana gane ku."

Ta faɗi sunan ciwon, sunan wani bature ne, Inno ba ta riƙe ba. Ta ce kusan mata kaɗai yake kamawa, kuma galibi ba gadonsa ake yi ba, tangarɗar takan faru ne haka kawai tun farkon shigar ciki. Gwajin da zai tabbatar sai an aika jini nesa, amma alamun da ta gani ba su bar mata shakka mai yawa ba. Maganin warkewa babu tukuna. Akwai na rage faɗuwar, akwai motsa mata gaɓoɓi, sai haƙurin ba ta abinci.

Inno ta yi gyaran murya. "Likita, ɗiyata, ni ban yi boko ba, ruwan Zobe ma ban taɓa ganinsa ba. Ki faɗa mini yadda zan ji. Da ban karɓe ta yaye ba fa?"

"Inno, da har yau tana shan nonon uwarta, haka za ta kasance. Kafin a kawo miki ita abin yana jikinta. Kafin a haife ta ma."

Inno ba ta yi kuka ba, ba ta yi hamdala da ƙarfi ba. Wata irin gajiya ce ta sauko mata tun daga wuya, irin ta wanda ya sauke kaya sannan ya ji nauyinsu. A mota Mamuda ya juyo ya ce, "Inno, ki yafe mana." Ta ce, "Karɓi ƙafafun takwara, Auta, cinyata ta sage." Sa'adiya ta rufe fuska da mayafi har Dutsin-Ma.

Da ta koma Kurfi ta ba Fatu labari ta kan katanga, yadda ta iya, da fangali da dashe da komai. Fatu ta saurara tana tsintar shinkafa.

"Ikon Allah. To ai likita dole ta faɗi wani abu, Inno, aikinta ke nan."

"Halan ƙarya ta yi?"

"Ni na ce? Ai ga Zubair nan ya isa yaye. In sun yarda da maganar, su kawo miki shi mana, kowa ya gani."

Maganar ta zaga unguwa kafin la'asar. Bayanin likita bai shiga kunnen kowa ba, wa zai tsaya jin ƙwayar da ido ba ya gani? Zubair ne hujja. In aka kawo shi ya koma da bakinsa, an wanke Inno. In ba a kawo ba, to ko ɗanta bai yarda da ita ba. Inno ta san haka. Ta ware 'yar kaza guda ta daina barinta fita, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Wata Juma'a da safe aka yi sallama. Mamuda ne, ɗauke da Ummi a kafaɗa, don ba wanda za a bar wa ita. Bayansa Sa'adiya da Zubair da ƙullin kaya. Kafin su zauna, kawunan mata sun fara leƙowa ta katanga, wai aron rariya.

Sa'adiya ta durƙusa ta gaida ta, ta kwance goyon, ta miƙo yaron. "Ga shi, Inno. Mun kawo miki maigidan naki."

Inno ta karɓe shi. Yaro mai nauyi, ya kama hancinta ya ja, ya ce, "Ba ni." Ta yi dariya, rabon da ta yi irinta an daɗe. Sai idonta ya sauka kan Sa'adiya. Yarinyar ta rame, idanunta sun faɗa, kuma ba fuskar ɗanta take kallo ba, yatsunsa take kallo. Inno ta gane kallon, don ita ma tun da ta karɓe shi yatsun take kallo.

Ta hango makonnin da ke tafe. Uwa a Dutsin-Ma ba barci, ga nono na ciwo, ga Ummi da sai an yi rabin yini ana ba ta abinci. Ita kuma a nan, duk atishawar da yaron zai yi sai an kai rahoto kasuwa. Sa'adiya ta ji maganar likita, ta kuma yarda, shi ya sa ta zo. Amma tsoron da ya yi shekaru a ciki ba ya fita don an yi masa bayani.

"Sa'adiya, kin taɓa yaye da kanki?"

"A'a, Inno."

"Ba wuya. Ki goya shi kada ki sauke. Fura mai ruwa, kada ki sa yaji. In ya nema ki ba ubansa ya fita da shi. Kada ki shafa maɗaci." Ta mayar mata da yaron a cinya. "Ki yaye ɗanki a ɗakinki, idonki a kansa. Ku bar mini takwara, ki samu hannu."

Mamuda ya dubi katanga, ya rage murya. "Inno, kin san abin da za su ce."

"Na sani. Na gaji da rantsuwa, Auta. In ya koma lafiya su ce sa'a ce, su jira na gaba. Kamo mini kazar can, tasa ce."

Sa'adiya ta fashe da kuka, ta kama ƙafar surukarta. Inno ta ce ta tashi haka nan, rana na yi, ga maganin Ummi ba a nuna mata yadda ake ba da shi ba.

Suka tafi da Zubair da kazarsa. Kafin a sauko daga masallaci labari ya kai bakin kasuwa cewa an kawo yaron an fasa, uwar ta fita tana kuka. Haka suka faɗa, haka suke faɗa har yanzu, mutanen da rabinsu a bayan matar nan suka koyi shan fura.

Inno ta sa Ummi a baya, ƙafafun yarinyar har suna taɓa mata cinya, ta ɗaure majanyi da kyar. Ta ji hannuwan nan suna murza juna a tsakanin kafaɗunta, sannan a hankali suka rage. Fatu ta leƙo.

"Inno, ashe ba a bar shi ba?"

"Ba a bar shi ba. In kin gama da rariyata ki miƙo, kunu zan dama."